Matambayi Ba Ya Ɓata: Yadda Ake Binciken Kasuwa Kafin A Loda Shanu

A wannan fitowa muna so mu tattauna a kan wani abu da kowannenmu yake taɓawa, amma kaɗan ne suke yin sa da tsari, wato binciken kasuwa kafin a kai mata dabba.

Yau da wayar hannu a aljihun kowa, mutum yana zaune a Maradi ko Marwa zai ji nawa aka sallama bijimi jiya a Agege ta Ikko. Farashi ya zama abu mafi sauƙin samu. To amma har yanzu ana dawowa daga kudu da asara, domin waya takan gaya maka nawa ne kawai. Wa yake saye, wane irin sa yake so, hannu da hannu zai biya ko bashi, me zai sa ya daina saye mako mai zuwa, duk waɗannan ba su cikin farashi. Ga yawancinmu kuwa tirela guda ta manyan shanu gumin shekaru ce, wani ma har da kuɗin mutane a ciki. Don haka ya kamata mu san yadda masana harkar ciniki suke neman irin wannan sani, mu ɗauki abin da zai amfane mu.

Bincike iri biyu

Masana a jami'o'i da manyan kamfanoni sun kasa binciken kasuwa kashi biyu. Na farko shi ne binciken ƙidaya: shanu nawa suka shiga kara, nawa aka sallama, mutum nawa cikin ɗari suka ce suna son kaza. Na biyu shi ne binciken ji da gani. Shi wannan bai damu da yawan mutanen da aka tambaya ba. Abin da yake nema shi ne dalili, daga bakin mutane da kuma abin da ido ya ga suna aikatawa.

Idan mutum bai san kasuwa ba sam, ko kuwa ya ga wani canji da ya kasa gane kansa, da na biyun nan yake farawa, kuma a wannan mataki ana ce da shi binciken share fage. Amfaninsa shi ne ka gano tambayar da ta dace ka yi, tunda ba a ƙirga abin da ba a san da zamansa ba. Alal misali, in ciniki ya ja baya a wata kara, kana iya ƙirga shanun da suka yi kwantai har ka gaji, lissafin ba zai nuna maka cewa mahautan garin sun koma saye a wata kara da ta fi kusa da kwata ba, ko kuwa wani babban mai masauki ne ya daina tsaya musu a kan bashi. Wannan sai an zauna da mutane an ji.

Kada a ɗauka ƙananan 'yan kasuwa ne kaɗai suke faɗawa wannan rami. A watan Afrilu na 1985 kamfanin Coca-Cola na Amurka ya canja ɗanɗanon lemonsa, bayan ya ɗanɗana wa mutane kusan 200,000 kuma lissafi ya nuna sabon ya fi karɓuwa. A ƙananan zaman jin ra'ayi da aka yi tun da farko, wasu tsiraru sun nuna fushi ƙwarai da suka ji za a janye tsohon, amma ba a ba maganarsu nauyi ba. Da sabon ya fito sai jama'a suka yi caa a kan kamfanin. Kwana 79 kacal aka yi, a watan Yuli aka mayar da tsohon kasuwa. An tambayi mutane wanne ya fi daɗi a harshe, sun kuma faɗi gaskiya. Abin da ba a auna ba shi ne yadda suka shaƙu da abin da suka saba da shi.

Baƙin da suka zauna a zangonmu

Wannan hanya ta ji da gani ba baƙuwa ba ce a sana'armu, domin da ita aka yi nazarin mu kanmu. A shekarun 1962 da 1963 wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna da Hausawan unguwar Sabo ta Badun fiye da shekara guda, yana zuwa kara, yana hira da masu masauki da dillalai da mahauta. A rahoton da ya buga a 1965 ya nuna cewa ana sayar da shanu kusan 75,000 a shekara a kasuwar, kusan duka bashi, kuma kuɗin da ke hannun mahauta a kowane lokaci yakan kai kimanin fam 100,000, ba takarda, ba zuwa kotu. Tambayarsa ita ce, me ke riƙe da wannan amana? Ya gano cewa babban jarin mai masauki da dillalansa shi ne sanin mahauta ɗaya bayan ɗaya: wa ke biya kan lokaci, wa ke jan ƙafa, nawa kowa zai iya ɗauka ba tare da ya durƙushe ba. Falken da ya zo daga arewa bai san kowa ba, da wannan sani na mai masaukinsa yake sallama shanunsa ya yi barci.

Haka ita ma Polly Hill, wata Baturiyar Ingila, ta yi nazarin masu masauki da dillalai a kasuwar shanu ta Kumasi ta buga a 1966, daga baya ta zo ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina. An san ta da rashin yarda da alƙaluman da ake haɗawa a ofis ba tare da an je wurin an gani ba.

Kun ga ke nan iyayengijinmu na zango masu bincike ne tun kafin a sa wa abin suna. Abin da masana suka ƙara shi ne tsari da rubutu. Ga hanyoyin kamar yadda za mu iya amfani da su.

Hanyoyi shida

Ta ɗaya, tattara abin da ke akwai. Kafin ka kashe kuɗin mota, duba tsofaffin littattafan lissafinka da na abokan tafiya, da rasidan duwan da na kwastan, da labarin kasuwa na rediyo. A Nijar akwai hukumar SIM Bétail da ke tattara farashin dabbobi a kasuwanni. Waɗannan ba za su ba ka dalili ba, amma za su nuna maka watannin da kasuwa ke tashi da waɗanda take faɗuwa, ka san inda za ka dosa da tambaya.

Ta biyu, tambayar tsofaffin hannu. Ba manyan alhazai kaɗai muke nufi ba. Direban tirela ya san shingaye nawa ne a hanya, da inda ake ɓata kwana, da inda shanu suka fi faɗuwa cikin mota. Yaran da ke kwana da shanu sun san kuɗin ruwa da ciyawa a kara in kaya suka yi kwantai. Malamin dabbobi ya san cutar da ke yawo da takardar da za a nema a iyaka. Mai shayin bakin kara kuwa kusan duk wani ƙorafi a teburinsa ake yin sa. Da ɗan gari akan ci gari.

Ta uku, hira mai zurfi da mutum ɗaya. Ka zaɓi mahauci, ko mai sayen shanu don gidajen abinci, ka same shi bayan ya tashi daga ciniki, kuma ba a gaban dillali ba. Yadda ake jefa tambaya shi ne komai. In ka ce, "Sarkin fawa, ai kuna son Bokoloji a nan ko?" to ka riga ka sa masa amsa a baki, zai ce maka, "Ƙwarai kuwa, Alhaji," don ya faranta maka. Gara ka ce, "Ranka ya daɗe, san da ka yanka jiya, me ka gani a jikinsa ka zaɓe shi ka bar na kusa da shi?" Sai ka yi shiru ka saurara. Tambaya a kan abin da mutum ya riga ya aikata ta fi tambaya a kan abin da zai yi nan gaba, domin alkawarin baki ba ya cin kuɗi. In ya ce san ya fi auki, ka ce, "Auki ta wace fuska, malam?" A haka har ka kai ga ainihin dalilin.

Ta huɗu, zaman jin ra'ayi. Ana tara mutum shida zuwa goma masu sana'a iri ɗaya, mutum guda yana jan zance, wani yana rubutawa. Asalin wannan hanya daga Amurka take, inda Robert Merton da Paul Lazarsfeld suka fara ta a 1941 da masu sauraron rediyo, daga baya kamfanoni suka ɗauka. Amfaninta shi ne maganar wani takan tuna wa wani abin da ya manta, gardamarsu kuma takan fito da abin da ba ka yi tunanin tambaya ba. Sai dai a wurinmu akwai kara da girmama na gaba. In sarkin fawa ya fara magana, ba yaron da zai musa masa. Saboda haka a zauna da manya daban, ƙanana daban, mata masu abincin sayarwa su ma daban. In kuwa dole a haɗa su, a fara jin ta bakin ƙananan.

Ta biyar, gani da ido. Gani ya kori ji. Ka je kasuwar ba tare da kaya ba, ka yi kwana uku ko huɗu, tun asuba kana kara. Duba shanun da ake fara tayawa da waɗanda ake wucewa. Duba inda mai saye yake kai hannu, tozo ne, ko haƙarƙari, ko gindin wutsiya, ko haƙora yake buɗawa. Sannan ka bi sa guda daga kara zuwa kwata har teburin mai nama. A nan ne mutum yake gane cewa a ƙasar Yarabawa fata abinci ce, ganda tana da kasuwarta, haka kai da ƙafa da kayan ciki, kuma sau da yawa a cikinsu mahauci yake fitar da ribarsa. Mai sayen sa don bikin aure ko na mutuwa kuwa girma da kwarjini yake nema, abin da baƙi za su gani a ɗaure a ƙofar gida. A ƙasar Ibo akwai bukukuwan gargajiya da ake neman muturu, ɗan guntun san nan marar tozo, ko da ga Rahaji ko Bunaji da suka ninka shi girma. Kowane daga cikin waɗannan masu saye da irin dabbar da ta dace da shi, alhali a waya duka "farashin sa" za a ce maka.

Ta shida, gwaji. Bayan duk wannan, abin da ke hannunka zato ne mai ƙarfi, bai zama tabbas ba tukuna. Ku haɗa mota ku uku ko huɗu, kowa ya sa 'yan kawuna, ku gauraya iri da girma, ku ga wanne ya fara fita, a kan nawa, kuma kwana nawa kuɗin ya yi kafin ya shigo hannu. In gwajin ya ba da abin da aka zata, a sake na biyu a wani lokaci na shekara kafin a zuba jari duka.

Wuraren da ake zamewa

Na farko, kowa da inda yake cin abinci. Dillali la'ada yake ci, ko ka ci riba ko ka faɗi, saboda haka ba wuya ya ce maka kasuwa tana ci. Mahauci so yake shanu su cika kara farashi ya sauka. Falken da ya riga ka gano kasuwa kuma yana iya ce maka ba komai can sai wahala. Ba muna cewa maƙaryata ba ne, kowa daga inda yake tsaye yake hango abin. Maganin shi ne kada ka riƙe labari sai ka ji shi daga ɓangare uku da ba su haɗa riba ba, misali dillali, direba da mahauci, sannan idonka ya gaskata.

Na biyu, son zuciyar mai binciken kansa. Wanda ya riga ya ƙulla niyyar zuwa Kumasi ko Abijan, maganar da ta goyi bayansa kaɗai kunnensa yake ɗauka. Don haka ka nemi mutumin da ya daina zuwa wannan kasuwa, ka tambaye shi abin da ya kore shi. Sau da yawa hira ɗaya da irinsa ta fi goma da masu yabo.

Na uku, mayar da maganar mutum biyar ta zama ta gari duka. Hira da mahauta biyar tana nuna maka irin dalilan da ke akwai, ba ta nuna maka mutum nawa ne ke da kowane dalili. In kana son wannan, sai ka koma ga ƙidaya: ka tsaya bakin kara ranar kasuwa biyu ko uku ka ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita. Ji da gani ne ke gaba, ƙidaya ta biyo baya, kowanne da aikinsa.

Na huɗu, lokaci. Wanda ya je bincike ana saura mako biyu Babbar Salla, ko cikin Disamba gab da Kirsimeti, kasuwar biki ya gani. In ya kai kaya bayan wata biyu da wancan lissafi, zai sha mamaki.

Wani zai ce, to mutum nawa zan tambaya? Masana ba su yanke adadi ba. Ƙa'idarsu ita ce ka ci gaba har ka ga sabon mutum ba ya gaya maka sabon abu. In mutum uku ko huɗu a jere suka maimaita abin da ka riga ka ji, ka ƙoshi, sai ka koma wani rukuni. Kuma ka rubuta a daren ranar, da ajami ko da boko, da kalmomin da mutumin ya faɗa, ka ware abin da ka gani da abin da aka gaya maka da abin da kai ka zata. Bayan mako guda ukun nan sukan cakuɗe a ka.

Ranar da tsohon sani yake tashi aiki

Mu masu ƙetare iyaka mun fi kowa buƙatar wannan, domin ƙasa takan juya a ƙarƙashin ƙafarmu dare ɗaya. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Kafin nan daskararren naman Turai mai rahusa ya cika kasuwanni irin su Abijan. Da aka karya kuɗin sai naman waje ya yi tsada, shanun Sahel suka samu shiga. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, sai a Disamba 2020 aka fara buɗe wasu, ciki har da Illela da Maigatari. A farkon 2023 ƙarancin takardun naira ya tilasta wa da yawa karɓar kuɗi ta banki. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi ƙwarai, wanda ya saya da sefa ya sayar da naira ya ji a jikinsa wurin canji. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 a Nijar aka sake rufe iyaka har zuwa Maris 2024. A Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma.

A kowane irin wannan lokaci littafin lissafin bara ba ya aiki, domin hanya ta canja, masu saye sun canja, yadda ake biya ma ya canja. Babu alƙaluman da za a duba tunda abin sabo ne. Wanda ya riga kowa zuwa ya tambaya ya gani, shi yake riga kowa sanin inda za a bi.

Shawararmu ga ƙungiya

Binciken mutum ɗaya yana da tsada, na jama'a kuwa da sauƙi. Muna ba shugabanni shawara kowane reshe ya ajiye littafi guda. Duk wanda ya dawo daga tafiya ya zauna da magatakarda na ɗan lokaci ya amsa tambayoyi biyar: wa ya sayi kayanka, wane iri ne ya fara fita, yaya aka biya kuma cikin kwana nawa, me hanya ta ci, sannan wane sabon abu ka gani wanda babu shi a zuwanka na baya. Tambaya ta biyar ɗin nan a riƙe ta da kyau, a cikinta ake fara jin ƙanshin canji. Ba a buƙatar kowa ya faɗi ribarsa ko sirrin jarinsa, kuma kada a rubuta sunan wani da zargi sai an tabbatar, domin mutuncin mutum shi ne jarinsa a wannan sana'a.

In za a buɗe sabuwar hanya, reshe ya haɗa kuɗin mota ya tura mutum biyu, dattijo mai ido da matashi mai rubutu wanda yake jin harshen wurin ko Faransanci ko Turanci, su yi mako guda su dawo su ba da bayani a taro. Kuɗin wannan tafiya ba zai kai na sa guda ba, a raba shi kan mutum ashirin kuwa ba wanda zai ji nauyinsa.

Muna roƙon 'yan uwa na rassan Damagaram, Ƙonni, Garwa, Injamena da Kumasi da suka taɓa gwada irin wannan su aiko mana da yadda suka yi, mu buga a fitowa ta gaba don kowa ya ƙaru. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya. Wassalam.